Kyamarar talaka a gidan rawa

A wannan watan ba labarin wane ya auri wance na kawo maka ba. Magana ce ta sana'a, kuma da matasa 'yan'uwana nake, maza da mata, musamman masu sha'awar riƙe kyamara waɗanda har yanzu ƙofar lokeshin ba ta buɗe masu ba.

Duk mai zuwa wajen gala, ko dina, ko gidajen rawa na dare irin na Abuja da Jos da Legas, ya san yanzu wasa ba ya cika sai da allo. Dije na sakin kiɗa, mawaƙi na kan dandamali, ga kuma fuskarsa ƙatuwa a jikin allon da ke bayansa, yana motsi tana motsi. To wannan hoton wani ne ke riƙe da kyamarar da ke kai shi, kuma biyansa ake yi a daren. Yaran da ba su samu shiga fim ba da yawa sun gano haka, kuma tambayar da suke yi mani ɗaya ce: wace kyamara zan saya da ɗan abin da ke hannuna? Amsar da nake ba su ba ta cika yi masu daɗi ba, domin kyamarar da suke mafarki, wato irin wadda suka gani a hannun masu ɗaukar fim, sau da yawa ita ce ta fi ba da kunya a wannan aikin. Abin da fim ke nema a wajen kyamara daban, abin da allon gidan rawa ke nema daban. Wanda ya gane haka zai fara sana'a da kuɗi kaɗan. Wanda bai gane ba jarinsa zai ƙone a dare ɗaya.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A kulob-kulob na birnin New York da ke Amurka ta fara bayyana wajen 1980, inda ake samun mutum guda aikinsa shi ne ya riƙa sakin hoto daidai da kiɗan dije, ana kiransa bije. Har zuwa shekarun 2000 kayan aikin waɗannan mutane ba wasu na a-zo-a-gani ba ne: kyamarorin kaset na hannu, da kyamarorin tsaro, da ƙaramar miksa ta hoto irin su Panasonic WJ-AVE5 ko Edirol V-4. Mu ma nan ai haka aka faro. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin industirinmu, da kyamarar kaset ɗin VHS aka ɗauke shi. Saboda haka kar wani ya raina ƙaramin kayan aiki a gabanmu.

Abu na farko da za ka duba shi ne jinkiri. A fim ba ruwan kowa da shi, domin yau za a ɗauka, bayan wata biyu edita ya gama. A gidan rawa kuwa mutum na kallon mawaƙi da idonsa, yana kuma kallon sa a allo. Idan bakin da ke allo ya makara, ko da ƙiftawar ido ce, kowa zai gani, sai ka ga kamar fim ɗin Indiya da aka yi wa fassara. A tsarin hoton da muke amfani da shi a Nijeriya, wato PAL, hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Makarar hoto ɗaya ba a cika lura da ita ba, biyu mai lura zai fara tsarguwa, idan ta kai huɗu ko biyar ko yaro ya san da matsala. Kowace na'ura da hoton ya ratsa tana cin nata kason: kyamara ta ci, kwamfuta ta ci, majigi ko allon ya ci. Abin da ke ɗan rufa asiri shi ne sauti ma tafiya yake yi, wajen mita 340 a daƙiƙa, ka ga ke nan wanda ke zaune mita 14 daga lasifika shi ma sautin ya makara masa da tsawon hoto ɗaya. Amma na gaba-gaba, inda manyan baƙi masu liƙi suke, ba abin da zai ɓoye masu.

Gwajin wannan ba ya buƙatar boko. Ka haɗa kyamarar da talabijin a shagon da za ka saya, ka tsaya a gabanta ka tafa hannu. Idan ka ji tafin kafin hannuwan da ke allo su haɗu, ajiye ta.

Abu na biyu shi ne tsaftar hoto da juriya. Wasu kyamarorin idan ka jona su da allo, duk rubuce-rubucen da ke bayansu za su biyo hoton: alamar batir, akwatin saitin fuska, lambobi. Bari in ba ka abin da na gani da idona. An tura ni ɗauko rahoton wasan Sallah na wani mawaƙi a wani kulob a Abuja. Wanda aka ba aikin allo yaro ne ɗan wajenmu, kuma ya faɗa mani da bakinsa babur ɗinsa ya sayar ya sayi tsohuwar Canon 600D, saboda ya ga ana ɗaukar bidiyon waƙa da irinta. Wasa ya fara, sai ga wani farin akwati zaune a kan goshin mawaƙin. Jama'a suka yi dariya aka wuce. Can ana tsakiyar waƙar da kowa ke jira, allo ya yi baƙi ƙirin. Ba NEPA ba ce, ba waya ce ta cire ba. Irin waɗannan tsofaffin Canon masu madubi a ciki, idan sun yi minti 30 suna nuna hoto kai-tsaye, da kansu suke rufewa, haka kamfani ya ƙera su. Yaron ya kunna, bayan rabin awa ta sake. Da aka tashi mai shirya wasan ya hana shi cikon kuɗinsa. Na same shi a bakin ƙofa da asuba yana lissafin kuɗin motar komawa gida. Wallahi abin ya tsaya mani a rai, domin kyamarar lafiyarta ƙalau, kawai dai ba don wannan aikin aka yi ta ba. Ko babbar yayarta Canon 5D Mark II ta 2008, wadda ta canza fuskar ƙananan finafinai a duniya, a nan ba za ta fitar da shi kunya ba.

Saboda haka kafin ka ba da kuɗi, ka tabbatar kyamarar na iya fitar da hoto tsaf ba rubutu, ka tabbatar za a iya hana ta kashe kanta, ka kuma tabbatar tana aiki a jone da wuta. Wasa na iya kai awa biyar. Babu batirin da zai kai ka.

Abu na uku shi ne duhu. Gidan rawa ba lokeshin ba ne da za ka ce a ƙaro fitila. Mai wurin duhun yake sayarwa. A nan girman ƙwayar idon kyamara, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a ciki, shi ne magana, sai kuma faɗin bakin gilashinta. Rubutun 4K da ke jikin kwali ba ya ƙara haske ko kaɗan, kuma yawancin majigin da ake haya ba su wuce 1080 ba, wasu ma ba su kai ba.

To yanzu mu zo kan aljihu. Mafi araha duka ita ce kyamarar tsaro, irin wadda ake liƙawa a ƙofar shago. Kar ka yi dariya, malam. Ina nufin tsohon samfuri mai aika hoto ta wayar eriya, ba mai bin intanet ba. Ita wannan kusan ba ta da jinkiri, wutar bolt 12 kawai take ci, an yi ta ne don ta kwana ta wuni a kunne, kuma wayarta na tafiya mita da yawa hoton bai yanke ba. Sababbin da ake sayarwa masu AHD ko TVI, da yawansu akwai ɗan maɓalli a jikin wayar da ke mayar da su tsohon tsari na CVBS, wanda majigi mai ramin nan ruwan ɗorawa ke karɓa kai-tsaye. Ka ɗaura ɗaya a saman teburin dije tana kallon hannuwansa, ɗaya a gefen makaɗi. Idan duhu ya yi yawa za ta koma baƙi da fari, kuma a kan allo hakan kyau yake yi. Aibinta hoton ba ya da kaifi, kuma ba za ka bi mawaƙi da ita ba. Amma kyamarar tsaro mai bin intanet ko waya-fai, ka guje ta, makararta na iya kai daƙiƙa guda ko fiye.

Sai tsofaffin kyamarorin industiri. Manyanmu da suka yi aiki a shekarun 2000 har gobe suna yabon Sony PD150 ta shekarar 2000 da ƙanwarta PD170 ta 2003, kuma abin da suka fi yabo shi ne ganinsu a duhu. Kamfanin ya rubuta PD170 na gani a hasken lux 1, wanda bai wuce hasken kyandir guda daga nisan mita ɗaya ba. Yau da yawansu na kwance a kabad ɗin sitidiyo saboda injin kaset ya mutu, ko kuma kaset ɗin MiniDV ya yi wuyar samu. To kai ina ruwanka da kaset? Hoto kawai kake so ya fita ta waya. Ga zum mai laushi, ga maɓallan saiti a waje inda yatsa ke kai wa a duhu, ga nauyin da ke hana hannu rawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai hotonta na da ne, mai layi 576, a ƙaramin majigi lafiya lau, a ƙaton allon LED kuwa zai yi laushi. Ka nemi mai harafin P a ƙarshe, wato PD170P, ita ce ta tsarinmu.

Mataki na gaba su ne ƙananan kyamarorin hannu na zamani, irin su Sony CX405 ko Canon Legria HF R806. Suna da ramin HDMI, ana iya share rubutun da ke kan hoton, suna aiki a jone da wuta, kuma zum ɗinsu ya kai ninki 30, ka tsaya a bayan ɗaki ka ciko allo da fuskar mawaƙi. Inda suke gazawa shi ne duhu, domin ƙwayar idonsu ƙarama ce ƙwarai. Idan akwai fitila a kan dandamali sun wadatar. Idan ka juya su wajen 'yan rawa sai hoton ya cika da yashi. A wajen dina da gala, inda haske ya fi yawa, ni a ganina su ne suka fi dacewa da mai fara sana'a.

Wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi sai ya nemi marar madubi ta hannu, misali Sony a6000 ko Panasonic GH4, dukkansu na 2014. Su biyun suna fitar da tsaftataccen hoto, kuma ƙwayar idonsu ta ninka ta ƙananan can ninkin-ba-ninkin. Amma akwai sharuɗɗa. Gilashin da ke zuwa da a6000 yana farawa ne daga f/3.5. Idan ka sa mata mai f/1.8, hasken da zai shiga ya kusa ninki huɗu, ka ga ke nan kuɗin gilashi ma na cikin lissafi. Za ka kuma sayi batirin bogi, wanda ake zurawa a ramin batir a jona shi da wuta. Sannan ka janye allon bayanta daga jiki don ta sha iska, saboda zafin ɗakin da ya cika da mutane ba wasa ba ne.

Wasu za su ce ga waya a hannu, me ya kawo wahala? Gaskiya ne akwai manhajoji irin su DroidCam da Iriun masu mayar da waya kyamarar kwamfuta. Idan ta kebul ka haɗa, za ta yi maka maneji a matsayin kyamara ta biyu. Ta waya-fai kuwa kar ka soma, ɗakin da ke da wayoyi ɗari uku zai shaƙe ta. Kuma ka tuna kira na iya shigowa a tsakiyar wasa. Ita kuma GoPro, mai kyau ce wajen maƙalawa a jikin ganga ko fiyano, amma ka sani Hero 7 Black ta 2018 tana da ramin HDMI a jikinta, daga Hero 8 zuwa sama sai ka sayi wani gida na daban kafin ka samu ramin.

Kyamara rabin aiki ce. Idan kana da biyu ko uku, dole ka samu abin da zai riƙa sauya maka su. Hanyar da ta fi araha ita ce laftof da manhajar OBS, wadda kyauta ce, da ɗan abin nan mai kama da filash da ke shigar da HDMI cikin kwamfuta. Na kamfanin Elgato, Cam Link 4K, ya fito a 2018 a kan dala 130, amma tun 2020 kasuwa ta cika da 'yan Chana waɗanda ba su kai dala 20 ba. Matsalar wannan hanya ita ce jinkirin da muka faɗa, kwamfuta na ci da yawa. Ta fi dacewa da hoton ado, inda za ka canza launi ko ka ninka mutum gida huɗu, ba inda ake kallon baki ba. Hanya ta biyu ita ce ƙaramar miksa kamar ATEM Mini ta kamfanin Blackmagic, wadda ta fito a 2019 a kan dala 295, mai ramuka huɗu. Ba ta buƙatar kwamfuta, ba ta daskarewa a tsakiyar wasa, jinkirinta kaɗan ne. Na san tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, waɗannan lambobi sun zama masu nauyi. Duk da haka, da ka zuba komai a kyamara guda mai tsada, gara ka raba kuɗin: ƙananan kyamarori biyu da miksa. Allon da ke sauya kusurwa daidai da bugun kiɗa ya fi burge mutane a kan kyakkyawan hoto guda da ya tsaya cak.

Waya ma kar ka yi mata rowa. Kebul ɗin HDMI na gama-gari idan ya wuce mita 10 zuwa 15 sai ya fara ɗauke hoto. Don nisa akwai 'yan akwatunan da ke tura hoton ta wayar intanet mai suna Cat6 har wajen mita 50, akwai kuma tsarin SDI da ke kai wajen mita 100 a kan waya mai kyau. Ka manne kowace waya a ƙasa da salatif mai ƙarfi, domin masu rawa ba sa kallon ƙasa. Ka kuma sa ƙaramin UPS tsakanin kayanka da wutar gidan, saboda lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta, a nan kaya ke ƙonewa.

Akwai abokan gaba guda uku a gidan rawa da mai shago ba zai faɗa maka ba. Na farko hasken leza. Idan ya daki gilashin kyamara kai-tsaye yana iya ƙona ƙwayar idon, ya bar layi ko ɗigo na har abada, kuma gyaransa ya kusa kuɗin sabuwa. Wannan ma wani dalili ne na kada ka kai kyamara mai tsada wurin. Ka je da wuri, ka sa a kunna fitilun, ka ga inda lezar ke bi, ka kauce. Na biyu fitila mai walƙiya. Kyamarorin zamani masu CMOS daga sama zuwa ƙasa suke karanta hoto, don haka walƙiya kan raba hoton biyu, rabi fari rabi baƙi. Tsofaffi masu CCD, irin su PD170, gaba ɗaya suke ɗauka, ba su da wannan ciwon. Na uku ƙyaftawar fitila. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da aka yi don kasuwar Amurka idan ta haɗu da fitilunmu sai ka ga hoton na rawa ko layuka na gangarowa. A Canon gane su da sauƙi: Vixia ta Amurka ce, Legria ta irin tsarinmu ce. Idan ka riga ka saya, ka sa gudun shota a 1/50 ko 1/100. Da yake kayan hannu da ke shigowa Alaba da Computer Village a Legas, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, daga ko'ina suke zuwa, ka duba wannan da kyau.

Saura magana ɗaya, kuma a wajena ta fi duk waɗannan nauyi. Kyamarar da ke jone da allo amana ce. Wanda ya zo wajen wasa ya zo ne ya huta, bai zo don a baje fuskarsa gaban ɗaruruwan mutane ba. Na sha ganin masu kyamara na zuƙo yarinya tana rawa, suna bin jikinta, jama'a na ihu, ita ba ta ma san ita ce a allo ba. Kafin ta ankara wayoyi goma sun ɗauki allon, kafin gari ya waye ta shiga TikTok. Daga nan aure na iya mutuwa, baiko na iya warwarewa, uba na iya korar 'yarsa daga makaranta. Manyanmu a industiri ba su manta 2007 ba, lokacin da ɗan gajeren bidiyon waya ya girgiza sana'ar gaba ɗaya, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abinci. Saboda haka ka tsayar da kyamararka a kan mawaƙi da makaɗa da dije, su aikinsu ne a gan su. Jama'a kuwa ka ɗauko su a dunƙule daga nesa. Wanda ya ɗaga maka hannu yana so, ba shi. Wadda ta kare fuska, kauce nan take. Kuma kar ka naɗi komai ka ajiye sai da izinin mai taro.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda ko da kuɗi ba za su taka gidan rawa ba, kuma ina girmama hakan. To ku sani wannan ilimin bai tsaya can ba. Kayan nan dai su ne ake buƙata a wajen dina da kamu, da bikin ba da kyaututtuka, da taron siyasa, har da wajen tafsiri da Maulidi inda ake kafa majigi don na waje su ga malam. Wanda ya iya sarrafa hoto a duhu da hayaniya, sauran wuraren sauƙi za su yi masa. Kuma hannun da ya saba bin mawaƙi ba tare da damar cewa a sake ba, ranar da darakta ya kira shi lokeshin ba zai yi rawa ba.

Shawarata ta ƙarshe, kar ka sayi komai sai ka yi hayarsa ko ka are shi ka kwana da shi a wajen aiki sau ɗaya. Ka je shago da kebul ɗinka, ka tafa hannu, ka nemi a kashe fitila, ka bar ta a kunne minti 40 kana zaune. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Allah ya ba kowa sana'a mai albarka, ya kuma rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.